Rijiyar Gidan Flora

Talata, 8 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Kaliyopi,

Yau Talata, kwana tara ke nan ban fita daga unguwa ba. Gwiwar hagu ta kumbura, numfashi kuma yana yi mini gardama in na hau matakala fiye da goma. Kunne kin san yadda yake, shi ya sa nake rubutu. Wayar da kike bugowa gidan innarki Maruso ba na jin komai a cikinta sai ƙara kamar ana suyar kifi. Ban da wannan lafiya lau. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Holger, ina gaida ƙaramar Flora wadda ban taɓa gani ba sai a hoto.

Maruso ta hawo jiya tana haki, ta ce kin ce za ku zo hutu cikin Agusta, mako biyu. Na sa ta maimaita sau uku, har ta ce, "Nikitas, kurumta ce ko daɗin maganar kake ji?" Duka biyun ne.

Shekara shida rabonki da tsibirin nan, tun jana'izar mahaifiyarki. Ba gori nake yi ba, Jamus da nisa. Amma kin san gidan nan ba nawa ba ne. Na kakarki ne, ya zama na mahaifiyarki, yanzu naki ne, bayanki kuma na yarinyar nan da kika sa wa sunan mahaifiyarki. Ni aure ne ya kawo ni, shekara hamsin da ɗaya ina gadi. Ya kamata mai gida ta zo ta kwana a gidanta.

Na sa an shafe ɗakin sama da farar ƙasa. Gadonki na yarinta yana nan, ƙafa ɗaya ce ta yi sanyi, na ɗaure ta. Lemun tsamin tsakar gida ya yi fure, inabin ma ya fara toho.

Rijiya kuwa bana ta cika har wuya. An yi ruwa sosai da hunturu, duk abin da ya sauka a rufinmu ya shige cikinta, ko ɗigo bai ɓata ba. Kin tuna ƙarshen rani, in ruwan ya ja baya, yadda nake ɗaura miki igiya a ƙugu in zura ki ciki da tsintsiya da ɗan bokiti ki kwashe laka? Babba ba ya shiga bakin nan. Kina shekara bakwai muka fara. Kina ƙasa kina ta rera waƙa, maƙwabta su tsaya a bakin ƙofa suna saurare. Dogon kifin nan mai kama da maciji da muka saka don ya cinye tsutsa yana nan har yau, ya tsufa kamar ni. Tun da kika girma rijiyar ba ta sake samun wanki na kirki ba. In Allah ya raya Flora, nan da shekara biyar ita ma sai ta sauka ta yi mana waƙa.

Ki rubuto mini abin da yarinyar take ci.

Mahaifinki,
Nikitas

*

Stuttgart, 2 ga Mayu

Baba,

Na sami wasiƙarka. Barka da Ista. Ka riƙa shan maganin numfashin nan kullum, ba sai ranar da ka ga dama ba.

Flora tana cin komai in dai ba kore ba ne. Ta shiga shekara biyu da wata uku, kuma ba ta tafiya, gudu take yi. Ka juya baya sau ɗaya ka same ta a kan tebur.

Baba, maganar masauki ba mu gama yanke ta ba tukuna, gara in faɗa maka tun yanzu. Holger ya sayi littafin matafiya yana ta ja masa layi da jan biro. Ya tambaye ni matakala nawa ne daga tashar jirgin ruwa zuwa gida, na ce ɗari biyu da goma sha biyu, ya ajiye biron ya dube ni. Muna da keken tura yarinya, da jakunkuna, da ita kanta. Rufin gida ba shi da katanga. Bakin tekunmu duwatsu ne, taku uku ruwa ya sha kan mutum. Likita sai ranar Alhamis, in jirgin ruwa ya zo.

Akwai wani otal a tsibirin Naksos, ƙofarsa a kan rairayi. An ce ruwan wurin sai ka yi tafiya mai nisa bai wuce gwiwa ba. Suna ba da gadon yara mai shinge, asibiti kuma yana kusa. Daga can zuwa wurinka awa biyu ne a ƙaramin jirgi. Tunani dai muke yi.

Sai kuma rijiya. Ba zan iya runtsawa a gidan da bakin nan yake ba, da yarinya irin wannan. Kuma don Allah kada ka sake rubuto mini zancen igiya.

Ka gaida Inna Maruso. Na sa hoton Flora a ciki, wanda take riƙe da cokali. Goshin Mama ne sak.

'Yarka,
Popi

*

Talata, 3 ga Yuni

Kaliyopi,

Gwiwa ta sace kaɗan, ƙirji yana nan yadda yake. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune.

Matakala ɗari biyu da goma sha biyu ne, lissafinki daidai. Mahaifiyarki ta hau su da cikinki wata tara da buhun gari a ka. Alfadarin Lefteris magini yana hawa da firiji a bayansa, ban ga abin da zai hana shi hawa da keken yarinya ba. Rufin gida haka yake ba katanga tun kafin a haife ni, ban ji wanda ya faɗo ba sai kyanwa, ita ma ta tashi ta tafi. Likita ranar Alhamis, gaskiya ne. Mu da muke nan mun koyi yin ciwo ranar Laraba.

Ban san wa ya kai maganar shagon gahawa ba, ina zargin innarki. Na shiga ranar Lahadi bayan coci, Fotis mai shago ya ɗaga murya don in ji, ya ce, "Akawu, an ce surukinka ya aiko a auna masa zurfin teku kafin ya zo?" Har yau Akawu suke ce mini, shekara goma sha biyar da barin aikin tasha. Wani ya ce, "A'a, otal za su sauka a Naksos, za a riƙa ɗaga masa yarinyar daga can ya hango." Na ce musu ban ji ba. Amfanin kurumta ke nan. Gahawar na shanye ta da zafinta na fito.

A garin nan, 'yar da ta zo daga ƙetare ta sauka a otal, kowa ya san abin da take cewa game da ubanta. Kin sani, a nan kika girma. Kin je kin auri mutumin da yake auna komai da biro, ban ce uffan ba. An yi wa yarinya baftisma a can, hoto kawai na gani, ban ce uffan ba. Wannan karon zan ce. Ina da shekara tamanin da ɗaya. Ba na neman yini guda da za a kawo mini ita kamar yadda ake kai wa majiyyaci lemu. So nake in farka in ji ƙafarta a tsakar gida.

Na lura duk abin da kika lissafa da bakin Holger kika faɗe shi, sai rijiya kaɗai kika faɗa da bakinki. To na ji. Wannan ki bar mini. Kafin ku zo ba za a sami abin da wani zai ja wa layi a gidan nan ba.

Goshin na mahaifiyarki ne, amma riƙon cokalin nawa ne.

Mahaifinki,
Nikitas

*

Lahadi, 6 ga Yuli

Popi 'yata,

Innarki Maruso ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi. Ba zan faɗi wannan a waya ba don matar Fotis tana laɓe a taga duk lokacin da kika bugo. Ina fata kuna lafiya ke da yarinya da Bajamushen.

Ubanki ya kashe rijiya. Ba rufewa na ce ba, kashewa.

Ya kira Lefteris. Ina wurin. Lefteris ya ce, "Akawu, murfin ƙarfe zan yi maka da kwaɗo, ko ni ba zan iya ɗaga shi ba balle 'yar shekara biyu." Ubanki ya ce abin da aka rufe ana iya buɗe shi, kuma ke kin rubuto ba za ki kwana a gidan da bakin nan yake ba. Ya ciro wasiƙar daga aljihu ya nuna wurin da yatsa. Lefteris ya ce, "A watan Yuni? Da ruwa cike? Kai ko ka fara ruɗewa ne?" Ni ma na ce masa, "Tsohon banza, rijiyar uwata ce, ba ubanka ya haƙa ta ba." Ya juya mini kunnen da ba ya ji.

Aka kawo injin zuƙe ruwa. Yini ɗaya da rabi ruwan yana bin matakala yana gangarawa teku. Mata suka fito da bokitai da tukwane suna tara, wasu suna zagi. Tsohuwa Anezina ta tsaya tana kuka kamar an yi mutuwa. A tsibirin da ake kawo wa ruwa a jirgi, Popi! Sannan alfadarai suka yi kwana uku suna kawo duwatsun kangon da ke bayanku, aka cika ta, aka zuba siminti. Yanzu wurin sumul, ya ɗora tukunyar fure a kai.

Ruwa sai a famfon dandali, matakala sittin ƙasa, mai ɗanɗanon gishiri. Shi ba ya iya ɗauka. Wa kike tsammani yake ɗauka? Ni, da shekara saba'in da bakwai. Kifin nan kuma ya hana Lefteris ya soya shi, ya saka shi a baho a ɗakin girki, kullum sai an canja masa ruwa. Ina yi wa tsoho da kifi dakon ruwa. Lemun tsamin ya fara zubar da ganye, abin da ya wanke fuska da shi yake zuba masa.

Ya sa an yi wa rufi shinge da katako. Ya sayi ɗan bokiti ja da shebur na roba. Kullum yana tambayata kwana nawa ya rage.

Ni ban san abin da kuka yanke ba. Amma in Naksos ɗin ce, ki faɗa masa da kanki. Ni ba zan hau da wannan saƙon ba.

Innarki,
Maruso

*

Stuttgart, 21 ga Yuli

Baba,

Inna Maruso ta rubuto mini. Na yi kwana uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Wa ya ce ka yi haka? Wa ya roƙe ka? Ka ce gidana ne, ka tambaye ni kafin ka zubar da ruwan shekara guda a kan matakala? Yanzu me za ka sha? Kullum haka kake, ka yi wa mutum abin da bai nema ba, mai girman da ba zai iya cewa a'a ba.

Ni ma ina da laifi, zan faɗa. Da na ce maka tunani muke yi, ƙarya na yi. Mun riga mun kama ɗaki a Naksos tun Afrilu. Ba Holger ba ne, shi cewa ya yi mu gwada gidanka kwana uku. Ni ce. Ranar da wasiƙarka ta farko ta zo na karanta inda ka ce Flora za ta sauka ta yi muku waƙa, washegari na buga wa otal ɗin waya.

Ka san dalilin waƙar, Baba. Mama ce take gaya mini tana gyara mini igiya: kada ki yi shiru, in kin yi shiru za mu san iska ta ƙare miki. Ina shekara bakwai na san ana iya mutuwa a wurin. Ruwa har cinya, sanyi, kifin nan yana goga mini ƙafa, bakin rijiyar can sama kamar faranti. Waƙa uku na iya, in gama in sake.

Shekarar da nake tara, jirgi ya busa ƙaho kafin lokacinsa. Mama ta tafi gidan burodi. Ka ɗaure igiyar a jikin lemun tsami, ka leƙo ka ce yanzu za ka dawo, ka gangara tasha da littafinka. Na yi ta waƙa har murya ta tafi, ina buɗe baki ba abin da ke fita. Na ɗauka tun da na yi shiru kuma ba a jawo ni ba, an manta da ni ke nan. Har yau ba na shiga na'urar hawa bene. Ba ka taɓa tambayata dalili ba.

Da ka sa murfi ko ka cika ta da dutse duk ɗaya ne a wurina. Ba zan iya kwana a gidan ba.

Za mu sauka Naksos ranar 10 ga Agusta. Ranar Laraba 20 ga wata, bayan idin Maryamu, za mu shigo jirgin safe mu yini tare da kai, mu koma da na yamma. Abin da zan iya ke nan. Adireshin otal ɗin yana bayan takardar.

Ka sha maganinka.

Popi

*

Litinin, 4 ga Agusta

Kaliyopi,

Zafi ya yi yawa, ƙafafuna biyu sun kumbura. Ina aika wannan otal ɗin, za ta jira ki a can.

Dalilin waƙar na san shi. Kowa a garin nan ya sani, mahaifiyarki ta yi, innarki ta yi, ni ma na yi a gidan uwata. Ban san lokacin da na riƙe waƙar na yar da dalilin ba.

Maganar ɗaure igiya kuwa, na zauna na bincika kaina, ban tuna ba. Ina iya gaya miki sunan jirgin da yake zuwa a shekarar da sunan kyaftin ɗinsa, amma wannan babu. Na yi fushi, na ce ƙirƙira kika yi. Da Maruso ta kawo ruwa na tambaye ta. Ta ajiye bokitin ta ce, "An yi. Ni na zo aron gishiri na ji gidan shiru, ni na jawo ta. Da ka dawo ka tambaya ko ta gama kwashe lakar." Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini. Ta ce, "A wancan lokacin wa yake gaya maka magana?"

A makarantarmu an koya mana rubuta wa hukuma takardar roƙo da takardar ƙorafi. Irin wadda ta kamata in rubuta miki yanzu ba a koya mana ba, na gwada ta fito kamar ta hukuma. Zan faɗa da baki ranar Laraba, in kin yarda ki tsaya ta gefen kunnena na dama don in ji amsarki.

Ba sai kun hawo ba. Na gaya wa Lefteris ya sauko da ni a kan alfadari, mu zauna a inuwar tasha. Zan riƙo wa Flora bokitinta. Amma in kin ga za ki iya, minti goma ma ya isa, ta taka tsakar gidan. Babu abin da ya rage a ciki da zai cuce ta.

Mahaifinki,
Nikitas

*

Alhamis, 2 ga Oktoba

Kaliyopi,

Likita ya zo yau, ya ƙara mini ƙwaya ɗaya. Ba na fita.

Katinki mai hoton rairayi ya iso, na ga tambarin gidan waya na Jamus ne. Kin ce ranar Larabar teku ba ta kwanta ba, kun ji tsoron amai ga yarinya. Shekara talatin ina rubuta yanayin teku a littafin tasha. Ranar nan ko kwandon burodi aka ɗora a kan ruwa zai isa Naksos bai jiƙe ba. Jirgin ya zo kan lokaci. Mutum goma sha ɗaya suka sauka, da akuya biyu da injin wanki. Na jira na yamma ma, ko kun yi kuskuren lokaci. Fotis yana wurin, bai yi mini ba'a ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Lemun tsamin ya bushe. Kifin ya mutu cikin Satumba, ruwan famfo bai karɓe shi ba. Jan bokitin yarinyar na ba Maruso, ta ce ya yi ƙanƙanta amma tana zuba gishiri a ciki.

Jiya da hantsi aka yi ruwan farko. Na ja kujera bakin ƙofa. Ya sauko daga rufi ta indararo kamar kullum, ya zo inda ya saba shiga ya tarar da siminti. Ya ɗan taru a wurin, ya kewaye tukunyar fure, sannan ya fita ta ƙarƙashin ƙofa ya bi matakala.

Mabuɗin gidan yana wurin Maruso, na rubuta sunan Flora a jikinsa. Abin da na ce zan faɗa da baki yana nan, ban faɗa wa kowa ba. Na yi ta sa a duba mini jirgin Laraba har ƙarshen Agusta. Ba ku zo ba.

Mahaifinki,
Nikitas